Ɗan kasuwar Tanut da rumbun ajiya na intanet: a fara gyara hanya

A kasuwannin Tanut, Balbeji da Bakin Birji, yawancin dukiyar ƙaramin ɗan kasuwa tana cikin littafin bashi ne. Wanda ya karɓi buhun gero kafin kaka da dillalin da bai kawo cikon kuɗin rago ba, duk suna can. Idan gobara ta ci littafin ko wayar ta ɓace, jari ya tafi. Maganin wannan shi ne ajiye lissafi a manyan kwamfutocin kamfanoni ta intanet, yadda mutum zai same shi daga kowace waya.

Masu cewa ƴan kasuwarmu ba sa son sabon abu ba su yi adalci ba. Mutanen da suka rungumi Nita da Amana wajen aika kuɗi, suke ciniki da saƙon murya ta WhatsApp, ba tsoron fasaha suke ba. Abin da ke hana su a fili yake.

Na farko wuta da layi. Matatar mai ta SORAZ tana cikin gundumar Tanut tun 2011, amma ƙauyuka da dama na Damargu da hasken rana suke cajin waya. Kuma kowa ya ga abin da ya faru a watan Agustan 2023 da Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar. Manhajar da ba ta buɗewa sai da layi mai ƙarfi ba za ta yi amfani ranar kasuwa ba.

Na biyu biya. Manyan kamfanoni irin su Google da Microsoft galibi katin banki suke nema duk wata, alhali mai shago da tsabar sefa yake hulɗa.

Na uku harshe. Manhajojin lissafi da Faransanci ko Turanci suke zuwa, ciniki kuwa da Hausa, Tamashek da Fulatanci ake yin sa.

Na huɗu amana. Ɗan kasuwa zai tambaya: wa zai ga lissafina, mai karɓar haraji ko abokin gogayya? Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, ta kuma kafa hukumar HAPDP, sai dai dokar da ba a bayyana ta a rediyo da harshen jama'a ba, ba ta kwantar da hankalin kowa.

Don haka matasanmu masu ƙera manhaja su yi wadda ke aiki ko babu layi, ta aika bayanai idan ya dawo, ta karɓi murya da Hausa, a biya ta da kuɗin waya. Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom su ƙarfafa layi a kan hanyar Damagaram zuwa Agadas da kasuwannin dabbobi. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa kuma su nemi bayani a rubuce kan inda ake ajiye bayanansu kafin su shiga.