Hoton Nata Ne, Ribar Ta Wani

A watan Disambar 1953 Hugh Hefner ya fito da mujallar Playboy a Chicago, ɗauke da hoton tsiraicin Marilyn Monroe. Tun 1949 aka ɗauki hoton, lokacin da babu ta yi mata katutu, aka sallame ta da dala 50. Hefner ya saye shi dala 500 a hannun wani kamfanin buga kalanda, bai nemi yardarta ba, ya sayar da kwafi sama da dubu 50. Daga nan arzikinsa ya tashi.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A da, mujallar Drum ta daɗe tana jan masu saye da hotunan 'yan mata a bango, haka ma jaridar Lagos Weekend. Gasar Miss Nigeria da Daily Times ta fara a 1957, da aika hotuna ta soma. A Arewa kuwa sai abin ya zo da sutura: fastocin taurarin Indiya a shagon aski da na ɗinki, daga baya na 'yan Kannywood. Ba na haɗa mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, da wancan sahu. Aikin jarida take yi. Da masu buga sitika da kalanda nake.

Ku duba bayan Keke Napep a Nyanya ko Karu, ku leƙa shafukan masu tallar kayan mata da man bilicin a Instagram. Fuskar jaruma ce ke tallata hajar, kuma da wuya a ce an tambaye ta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda laifin yake sauka. Da hoto ya yaɗu, ita za a kira 'yar iska, nata auren ne zai mutu, iyayenta ne za su kasa ɗaga kai a unguwa. Wanda ya buga, da wanda ya sayar, da wanda ya manna a ɗakinsa, duk suna sahun gaba a masallaci, babu mai nuna su da yatsa.

Tun 2023 muna da dokar kare bayanan mutane, hukumar da ke kula da ita kuma a nan Abuja take. Fuskar mace bayaninta ce. Ina so in ga ƙungiyoyin 'yan fim irin su MOPPAN sun tattara koken mambobinsu mata sun kai gaban wannan hukuma, a kira masu tallar su nuna takardar izini.