Kada a sallami mai gadin Portage

A Gentoo, inda akasari mai amfani ke harhaɗa manhaja daga tushenta a kan kwamfutarsa, Portage yakan dakatar da aiki idan ƙunshi biyu suka yi iƙirarin fayil guda. Direbobin katin hoto sun daɗe cikin wannan rigima: Mesa da nvidia-drivers kowanne yana zuwa da nasa libGL, eselect-opengl ke raba gardama. A 2020 aka koma libglvnd, wanda ke riƙe libGL shi kaɗai, yana miƙa aiki ga direban da ya dace.

Duk da haka, da an ga karo, sai wani ya ce a cire protect-owned daga FEATURES. A ganina ganganci ne. Fayil ɗin zai zama na mutum biyu, ranar da aka cire ɗaya kuwa yana iya tafiya da shi, a wayi gari allo baƙi ƙirin, babu wanda ya tuna dalili.

Ku fara tambayar qfile ko equery belongs: fayil ɗin na wa ne? In na tsohon ƙunshi ne, a sabunta shi ko a cire shi tukuna. In maraya ne, sau da yawa ragowar direban NVIDIA ne da aka saka da hannu, kuma nvidia-uninstall ke share shi.