Wa Ya Rushe Fadar Raglan?

Yau zancenmu ya yi nisan zango, ya kai ƙasar Wales da ke yammacin tsibirin Birtaniya, ƙasar wata al'umma 'yar kaɗan mai harshen kanta, wadda ta shafe ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin sarautar Ingila. A kudu maso gabashinta, tsakanin garin Monmouth da Abergavenny, akwai kangon wata fada mai ganuwa da ake kira Raglan. Duk wanda aka tambaya wa ya rushe ta zai ce sojojin Majalisa ne, a yaƙin basasar 1646. Mu dai a ganinmu wannan amsa rabin gaskiya ce, kuma ragowar rabin ya fi ta nauyi.

Wanda ya kafa gidan shi ne William ap Thomas. Kalmar "ap" a harshensu daidai take da "ɗan" a namu, wato William ɗan Thomas. Ba jinin manyan sarakuna ba ne. Aure da hidimar sarkin Ingila ne suka ɗaga shi: ya auri wata gwauruwa da ta gaji ƙasar Raglan, aka naɗa shi barde a 1426, sannan ya sayi wurin a 1432. A zamaninsa aka soma gina babbar hasumiyar nan mai kusurwa shida, kewaye da gwalalo cike da ruwa, ba a shigarta sai ta gadar da ake ɗagewa. Mutanen ƙasar suka sa mata suna Rawayar Hasumiyar Gwent. Ya rasu a 1445.

Ɗansa ne ya kai gidan ƙololuwa, shi ne kuma ya fara ajiye wani abu a hanya. Bisa al'ada sunansa William ap William, amma sai ya bi salon Ingilishi ya ɗauki sunan zuri'a guda, ya zama William Herbert. Ya yi arziki da fataucin ruwan inabi daga Faransa. Da rikicin gadon sarauta ya ɓarke tsakanin gidan York da gidan Lancaster, ya bi York, Sarki Edward na Huɗu kuwa ya mai da shi idonsa da kunnensa a Wales. A 1462 aka damƙa masa riƙon wani maraya ɗan gidan abokan gāba, Henry Tudor, ya tashi a Raglan. Wannan yaron ne ya hau gadon Ingila a 1485. A 1468 Herbert ya ci fadar Harlech da yaƙi, aka ba shi sarautar Earl ta Pembroke, matsayin da ba a saba ba ɗan asalin Wales ba.

Kada mu zalunce shi. Ya sauya suna, amma ƙofarsa a buɗe take ga mawaƙan harshen uwarsa, irin su Guto'r Glyn da Lewys Glyn Cothi, suna ci suna sha a zaurensa. Mawaƙan nan kuwa ba yabo kaɗai suka iya ba, kamar yadda maroƙin ƙwarai kan cusa nasiha a cikin kirari. Bayan cin Harlech, Guto'r Glyn ya roƙe shi a waƙa da ya sassauta wa mutanen arewacin ƙasar, ya haɗa kan Wales, ya daina fifita Ingilishi a muƙamai. Sun ɗauke shi a matsayin nasu, suna fatan ɗaukakarsa ta zama inuwar kowa. Fatan bai yi shekara guda ba. A watan Yuli na 1469 aka ci rundunarsa a Edgecote, aka kama shi da ƙanensa Richard, aka fille musu kai. Manyan Wales masu yawa sun kwanta dama a wannan fage, a kan rikicin gadon da ba nasu ba.

Daga nan gidan ya bi ta ɗakin mata. Jikarsa Elizabeth ta auri Charles Somerset a 1492, Raglan ta koma hannun zuri'ar da aka ba sarautar Worcester a 1514. Su ma sun yi gini, sun ƙara dogayen zauruka da lambuna da tafkuna, har fadar ta fi kama da gidan hutu. Sai dai fuskarsu tana duban Landan. A zamaninsu ne, a 1536, aka yi dokar da ta haɗe Wales da Ingila, ta ce da Ingilishi za a yi shari'a, kuma wanda bai iya shi ba ba zai riƙe muƙami ba. Manyan gidaje suka gane inda iska ta kaɗa.

To, sai yaƙin basasa. Henry Somerset, dattijo mai kusan shekara saba'in, ya zuba dukiyarsa wajen taimakon Sarki Charles na Ɗaya, har sarkin ya sauka a Raglan a 1645 bayan an ci shi a Naseby. A watan Yuni na 1646 sojojin Majalisa suka yi wa fadar ƙawanya, suna ta luguden igwa. Ranar 19 ga Agusta dattijon ya miƙa wuya ga Janar Thomas Fairfax, ya kuma rasu a tsare kafin shekarar ta fita. Majalisa ta ba da umarnin a lalata wurin. Hasumiyar ta gagari diga, sai da aka haƙe ƙarƙashinta aka tokare da itatuwa, aka cinna musu wuta, ɓangarori biyu cikin shida suka zube. A cikin wannan ɓarna taskar littattafan gidan ta salwanta, da rubuce-rubucen hannu na harshen Wales da ke cikinta. A wurinmu wannan ita ce hasarar da ta fi ciwo, domin dutse in ya faɗi ana iya ɗora shi.

Ga kuma inda muke son a tsaya a duba. A 1660 sarauta ta dawo Ingila, aka mayar wa zuri'ar Somerset da Raglan. Ba talauci ne ya same su ba. A 1682 ma an ƙara musu girma da sarautar Duke ta Beaufort. Amma ba su koma ba. Suka zuba kuɗinsu a Badminton, cikin Ingila, can suka tare. Raglan ta zama wurin ɗibar dutse: ana ciro tagogi da matakala da duwatsun murhu ana gyara gidajen gona da su, ma'aikatan gidan kansu na cikin masu kwasa, har tsakiyar ƙarni na 18 kafin a hana. Igwa ta yi aikinta cikin 'yan watanni, sakacin masu gida ya yi nasa kusan shekara ɗari. Idan bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Wani zai ce ai gyaran irin wannan kango ya fi gina sabo tsada, kuma zamanin zama cikin ganuwa ya riga ya wuce. Haka ne, ba mu musa ba. Amma sabon ginin a ina aka yi shi? Gaskiya sun gyara wani gida nasu, Troy, kusa da Monmouth, sai dai mazaunin sarautar ya ƙetare iyaka. Tun ranar da aka ajiye "ap" kowane mataki yana da hujjarsa mai kyau, babu wanda za a nuna da yatsa a ce shi ne maci amana. Da aka tara matakan wuri guda, sai aka wayi gari gidan da mawaƙa suka sa ran zai haɗa kan Wales yana karɓar kuɗin hayar gonakinta daga wata ƙasa.

Abin da ya tsira kuwa a hannun ƙananan mutane ya tsira. Waƙoƙin Guto'r Glyn sun iso zamaninmu ne saboda masu kwafa da hannu da suka yi ta juya su daga littafi zuwa littafi. A daidai shekarun da ake ƙona Raglan, wani mai matsakaicin hali a arewacin ƙasar, Robert Vaughan na Hengwrt, yana bin gidaje yana tara tsofaffin littattafai, ciki har da Baƙin Littafin Carmarthen, ɗaya daga mafi tsufan littattafan harshen. Tarin nasa yana nan yau a Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Aberystwyth.

Ita kuwa fadar, a 1938 Duke na Beaufort na goma ya miƙa kulawarta ga gwamnati. Yanzu tana hannun hukumar kayan tarihi ta Wales, wadda sunanta Cadw, kalmar da ke nufin "adanawa" a harshen ƙasar. Baƙi na biyan kuɗi su hau abin da ya rage na hasumiyar, allunan bayani kuma an rubuta su da harsuna biyu.