DAGA BAKIN ALLO: Katakon Roba Ko Katakon Daji?

A wannan wata zan ajiye zancen jarrabawa, in kawo muku wata muhawara da ta taso a taron iyaye da malamai na makarantar da nake koyarwa a nan Zangon Kumasi. Maganar taga ce, amma kada ku raina ta, domin yaron da ke zaune cikin cunkoson aji da rana tsaka ya fi kowa sanin darajar taga.

Ga yadda abin yake. Ajujuwanmu uku na baya, ƙwallo da jifa sun gama da gilasan tagoginsu, aka toshe su da falanki. In an rufe, zafi da duhu. In an buɗe, hayaniyar titi da masu leƙe. Iyaye suka yi karo-karo don a gyara. Sai wani dattijo, Alhaji ne, ya ce a yi ragar katako irin wadda ya gani a tsohon garin Jidda, wadda iska ke ratsawa amma na waje ba ya ganin na ciki. Kowa ya yi na'am. Ana cikin haka wani saurayi mai sayar da kayan gini ya zaro wani guntu daga jaka, ya ce: "Iyayena, ga abin da ake yayi yanzu. Katakon roba ke nan, gara ba ta cinsa, ruwa ba ya ruɓar da shi, ba ya son fenti." Tsohon kafintan unguwarmu ya karɓa, ya jujjuya, ya shinshina, ya ce: "Yaro, wannan ai leda ce ta yi wanka." Aka fashe da dariya, aka ɗora mini nauyin in bincika in kawo bayani.

Da farko bari mu san ita ragar. Mutanen Masar suna kiranta mashrabiyya, daga kalmar sha ta Larabci, domin an ce a jikinta ake ajiye tulun ruwa iska ta sanyaya shi. A Alƙahira akwai gidan Suhaimi da aka gina a 1648, har yau ragoginsa suna nan. A Jidda kuwa rawashin ake ce musu, kuma suna cikin abubuwan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Kakanninmu masu zuwa hajji ta ƙasa sun ga irinsu a Sawakin ta Sudan, inda suke shiga jirgin ruwa. Mu ma ai muna da namu, domin aikin da asabari ke yi a bakin ƙofa ke nan.

Wani mashahurin magini ɗan Masar, Hasan Fathi, wanda ya rasu a 1989, ya lissafa wa ragar nan ayyuka biyar: rage hasken rana, daidaita shigar iska, sanyaya ta, ƙara mata laima, da suturta mutanen gida. Masassaƙan da can ƙananan sanduna suke gogewa su zama kewayayyu, su sarƙa su cikin juna ba ƙusa ba gam, don in itacen ya kumbura ko ya motse kada ya tsage. Daidai tsayin ido sukan matse ramukan, can sama kuma su buɗa su don haske da iska su shigo.

Shi kuma katakon roba, garin katako ne, sau da yawa rabin haɗin ko fiye, ake cuɗawa da narkakkiyar roba irin ta jarka ko ta bututun ruwa, a zuba launi da maganin rana, a matso shi ta bakin inji kamar taliya. Zafin ba ya wuce digiri 200, kada garin ya ƙone. A Amurka ya fara yin kasuwa sosai, farkon shekarun 1990, inda ake shimfiɗa shi a daɓen baranda. Yanzu ana yin sa sanduna-sanduna, ko falle-falle a yanke zane a jiki da inji mai kwamfuta.

To, gani ya kori ji. Na roƙi saurayin nan guntaye, kafinta ya ba ni na odum, wato loko, da na itacen da 'yan katako ke kira wawa, wanda mu Hausawa kan ce sunansa ya dace da shi. Ni da 'yan aji shida muka jefa su cikin bokiti. Odum da wawa suka taso, katakon roba ya nutse, abin da ya nuna mana ya fi su nauyi, ko da yake akwai wani iri mai kumfa a ciki wanda ba shi da nauyi. Bayan mako guda wawa ya sha ruwa ya yi baƙi-baƙi, na roba kuwa da ƙyar za ka ga canji. Muka binne wasu kusa da shuri a bayan makaranta. Wata guda muka tono, gara ta yi biki da wawa, ta ƙyale sauran biyun. Nan saurayi ya yi gaskiya.

Amma da muka ɗora dogayen sanduna a kan bulo biyu cikin rana, muka aza dutse a tsakiya, kafin la'asar na roba ya yi zafin da yara suka kasa riƙe shi, bayan kwanaki kuma ya lanƙwashe bai koma daidai ba, alhali odum yana nan kyam. Da na kara masa wuta, ni kaɗai ba tare da yara ba, ya kama yana hayaƙi mai warin leda. Nan kuma kafinta ya yi gaskiya. Ban da haka, rana kan koɗar da launinsa, yana miƙewa da zafi ya motse da sanyi, kuma inda laima ta daɗe yakan yi funfuna a fuska, domin akwai itace a cikinsa.

Akwai abu guda da itace ya fi shi nesa ba kusa ba. Itacen da ba a shafe da fenti ba yakan tsotsi raɓa da dare, ya sake ta da rana, iskar da ke ratsa shi ta yi taushi. Roba ta toshe wannan numfashi. Sai dai mu tambayi kanmu, ina ake bukatarsa? A Alƙahira mai busasshiyar iska babbar riba ce, haka ma ga 'yan'uwanmu na Tamale da Bawku. Mu a Kumasi, in ba lokacin hunturu ba, laima ce ma take damunmu.

Kada kuma mu manta da daji. An ƙiyasta cewa wajen 1900 kurmin ƙasar nan ya kai hekta miliyan 8, yau bai kai miliyan 2 ba. Tun 1998 doka ta hana yanka katakon sayarwa da zarto mai inji, odum kuwa yana cikin itatuwan da sai da izini na musamman ake sarewa. Saboda haka mai cewa "mu koma katakon gaske" ya sani cewa abin da kuɗinsa za su kai gare shi sau da yawa wawa ne.

Abin da na gaya wa iyaye shi ne, amfanin raga a ramukanta yake. Samfurin da aka fara nuna mana zanen furanni ne mai ban sha'awa, amma in ka ɗaga shi sama, hasken da ke ratsowa bai taka kara ya karya ba. Wannan ado ne, yara za su ci gaba da gumi a bayansa. Muka yanke shawara cewa tagogin da feshin ruwa ke duka, waɗanda ke ƙarƙashin inuwar rufi, za a sa musu sandunan katakon roba masu farin launi, a matse ƙasa a buɗa sama. Ɓangaren da rana ke faɗa wa da yamma, da dukkan firam ɗin da zai riƙe nauyi, za a yi su da katako mai ƙarfi daga kasuwar Sokoban. Kuma tsohon kafintanmu ne zai yi aikin duka, da zartonsa, sai dai zai riƙa huda rami kafin ya ɗaura noti, ya bar 'yar rata a bakin kowace sanda. Ya ce mini: "Ticha, in dai zarto na cinsa, to ni ma zan ci abinci da shi."

Duk wanda aka kawo wa wannan kaya, ya tambaya: na waje ne ko na cikin ɗaki? An sa masa maganin rana? Wace irin roba ce? Ya nemi guntu ya gwada, kuma kada ya kafa shi kusa da murhu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, guntun nan daga Sin ya zo ta tashar Tema, alhali garin katako na nan tsibi-tsibi a masassaƙanmu, leda kuma ta cika kwatocinmu. 'Ya'yan Zango da ke karatu a Jami'ar Kwame Nkrumah, ga tambaya na bar muku.

Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.