Kafin mu yi wa tashar nukiliya kirari, mu tambayi ƙarfenta

Mun saba, da zarar an ce ga sabuwar tashar nukiliya da ake sanyaya ta da narkakken sodiyam ko dalma a madadin ruwa, sai mu ɗauki alƙalami mu hau yabo. Masu gaggawa kuma suna ganin shekarun da ake ɓatawa wajen gwada ƙarfe asarar kuɗi ce. Mu dai ba mu yarda ba.

Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye ya san abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. A cikin tasha, bututu yana ɗaukar zafi ya huce, yana girgiza dare da rana, har ƙaramar tsaga ta fito.

A ranar 8 ga Disamba 1995, a tashar Monju ta Japan, gudun sodiyam ya yi ta kaɗa ɗan kwanson ƙarfen da ke rufe ma'aunin zafi har ya karye. Ɗaruruwan kilo na sodiyam suka kwarara, suka kama wuta da haɗuwa da iska. Hukumar da ke tafiyar da tashar ta ɓoye wani sashe na bidiyon ɓarnar, asiri ya tonu, amana ta zube. Tashar ba ta sake aiki ba sai 2010, a 2016 gwamnati ta yanke shawarar rufe ta.

Dalma ma tana da nata sharrin. Masu bincike a cibiyar nukiliya ta Mol a Beljiyam sun nuna cewa ƙarfen T91, idan yana cikin narkakkiyar dalma da bismut, yakan yi gautsi ya tsage da wuri fiye da yadda yake yi a iska. In iskar oksijin ta yi ƙaranci a cikin narkakken, sai ya riƙa cin ƙarfen. In ta yi yawa, datti ya toshe bututu. Don haka gwajin da aka yi a iska kaɗai ba hujja ba ne.

Kafin ɗayanmu ya sake rubuta cewa tasha kaza ba ta da haɗari, ya nemi amsar tambaya uku: a cikin me aka gwada ƙarfen, a wane zafi, kuma na tsawon wane lokaci? Wanda bai samu amsa ba, ya dakata da yabon.