Doka Ta Zauna a Bakin Sikeli

A Zongon Lome, gefen babbar hanyar da ta tashi daga bakin teku ta nufi Wagadugu, ba a zubar da ƙarfe. Injin tirelar da ya buga, firijin da ya daina sanyi, fankar da ta ƙone, kwanon rufin da tsatsa ta cinye, kowanne da kuɗinsa, kuma kilo ne alƙali. Tun da hantsi samari ke tura kura suna ratsa unguwanni, da yawansu 'yan ci-rani daga Nijar da arewacin Najeriya, da la'asar su sauke abin da suka samo a filin maigida. Jan ƙarfe ne sarki a wajen tsada, alminiyam na biye da shi, baƙin ƙarfe kuwa sai an tara da yawa.

Sana'a ce ta halal, kuma duk mai raina ta bai san gidaje nawa take ciyarwa ba, a Lome da can ƙauyukan Doso da Tawa. Birnin ma yana cin moriyarta ba tare da ya biya ko dala ba. Tun 2018 ake kai sharar Lome babban jujin zamani na Aképé, wanda aka gina da kuɗin Faransa da Tarayyar Turai da bankin raya ƙasashen yammacin Afirka, kuma duk kilon da ɗan gwangwan ya tsince, kilo ne da motar shara ba za ta ɗauka ba.

Sai dai filin gwangwan ba a daji yake ba. Katangarsa ɗaya da gidan wani, ƙofarsa na kallon makarantar allo, mai koko na zaune a inuwarsa.

A fara da batirin mota, don shi ne mugun da ba ya hayaniya. Fiye da rabin nauyinsa dalma ce, abin da ke cikinsa kuma ruwan batir ne mai cin fata. Idan yaro ya sa guduma ya fasa shi, ya tuttular da ruwan a ƙasa, ya ciro farantan dalmar, ƙurar ba ta tafiya ko'ina. Tana zama a cikin ƙasar filin, ta hau tufafi, ta bi mutum gida, ta shiga bakin jaririn da ke rarrafe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira shi marar illa, kuma jikin ƙaramin yaro ya fi na babba shan ta ninki huɗu zuwa biyar. Ba zazzaɓi take sawa ba balle a ruga asibiti. Ƙwaƙwalwa take daƙilewa a hankali, sai a ce yaron ba ya gane karatu, a yi ta dukansa.

Wanda ke ganin wannan tsoratarwa ce ta likitoci ya tambayi mutanen Thiaroye-sur-Mer a wajen Dakar. A unguwar Ngagne Diaw an daɗe ana fasa batir, sai mata suka shiga tankaɗe ƙasar wurin a cikin gidajensu suna tace dalmar suna sayarwa. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu. Iyayensu ba mugaye ba ne, abinci suke nema. Hausawa kuma ba su manta Zamfara ba, inda a 2010 dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400. Can ma a tsakar gida ake niƙa dutsen.

Wutar waya ita kowa ke gani. Ana ƙona robar don a fid da jan ƙarfe, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, mai asma ya kwana zaune. Tsofaffin tayu kuma su tara ruwa su haifi sauro. Zongo na kwance ne a kwarin kogin Zio, kuma mazaunanta sun san abin da damina ke yi musu. Ran da ruwa ya malalo, baƙin mai da ruwan batir da suka jiƙe a filin gwangwan ba sa tambayar iyakar fuloti kafin su shiga gidan maƙwabci da rijiyarsa.

Akwai kuma abin da mai saye bai san mene ne ba. A Goiânia ta ƙasar Brazil, a 1987, wasu masu tsintar ƙarfe suka kwance wata na'ura a wani asibitin da aka yi watsi da shi, suka sayar wa mai filin gwangwan. Garin da ke cikinta yana ƙyalli shuɗi da dare, aka yi ta nuna wa dangi. Sinadarin nukiliya ne. Mutum huɗu suka mutu, ciki da yarinya 'yar shekara shida, sai da aka auna mutane fiye da 100,000. A Kano, a 2025, wani abu ya fashe cikin lodin tsofaffin ƙarafa ya hallaka mutane, har gwamnatin jihar ta dakatar da shigo da irin kayan daga arewa maso gabas. Zongo mashigar motocin Sahel ce, arewacin Togo kansa yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2022. Mai yanka tukunyar gas da wuta ba tare da ya duba ba ma ya isa ya tashi layi guda.

Batun sata ba ya buƙatar dogon bayani. Murfin kwata da wayar lantarki ba sa tafiya da ƙafarsu. Wani ke saye. A farkon 2025 hukumomin Abuja sun hana 'yan bola-jari yawo, suka rufe kasuwannin panteka na mako biyu bayan an yi ta kwashe murafun kwata a kan manyan tituna. Abin takaici, wanda ake kamawa a lakaɗa wa duka kullum shi ne yaron da ke tura kura, sau da yawa ma ba shi ya yi ba.

Togo ba ta rasa takardu ba. Akwai babbar dokar muhalli ta 30 ga Mayu 2008, akwai hukumar ANGE mai kula da muhalli, akwai ANASAP mai tsaftar gari. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na Yuni 2019, na farko cikin fiye da shekara 30, kowace ƙaramar hukuma tana da magajin gari da kansiloli da za a iya buga wa ƙofa. A 2021 gwamnati ta dakatar da fitar da tsofaffin ƙarafa waje don masana'antun cikin gida su samu abin narkawa. Ke nan hukuma ta san darajar gwangwan sarai. Abin da ya rage shi ne ta damu da huhun yaron da ya tsinto shi kamar yadda ta damu da tukunyar da za ta narka shi.

Idan hukuma ta farka a irin wannan lamari, hannunta ya fi saurin kai wa ga katafila. Mutanen Zongo ba sa buƙatar a ba su labari. Tsohuwar Zongo a tsakiyar Lome take, har 1977 da aka rushe ta aka kwaso jama'a zuwa nan, wajen kilomita 15 arewa da gari. A Akara, a Yuli 2021, haka aka share Agbogbloshie, filin gwangwan da ya yi suna a duniya. Ƙona waya bai tsaya ba. Ya dai watsu cikin lunguna da bayan gidaje, inda ba mai gani balle ya auna. Gwamna Zulum ya hana sana'ar a Borno a 2023, amma can yaƙi ake yi, ana kashe masu tsintar a daji. Lome ba ta da wannan uzuri.

Wurin da doka za ta kama shi ne sikeli. Masu tura kura ba sa ƙirguwa, yau suna nan gobe sun koma gida noma. Masu sikeli kuwa sanannu ne, suna da fili, suna da jari, suna sallah a sahun gaba. Kuma Zongo ta san wannan tsari tun kafin a haifi kansilolin. Michel Agier, Bafaranshen da ya zauna da 'yan kasuwar unguwar ya fitar da littafi a kansu a 1983, ya nuna yadda cinikin shanu ya dogara ga maigida: shi ke saukar da baƙo, shi ke tsaya masa, idan bashi ya maƙale shi ake nema. Babu dalilin da zai sa mai saukar da shanu ya ɗauki nauyin baƙonsa, mai saukar da ƙarfe ya ce shi kilo kawai ya sani. A ba shi lasisi mai araha, ya riƙe littafin wanda ya kawo da abin da ya kawo, yaransa su ɗauki kati da sunansa. Murfin kwata ko wayar kamfanin lantarki idan aka gan su a filinsa, shi za a tambaya. Ya daɓe inda ake ajiye batir da siminti, ya yi masa rumfa. A feɗe waya da wuƙa ko da inji, kada a ƙona. Fasa batir da narka dalma kuwa babu sassauci a kansu: ba aikin cikin unguwa ba ne, ko da lasisi ko babu.

Wasu za su ce wannan fitinar Turawa ce. Ba haka ba ne. Malaman Malikiyya sun tattauna hayaƙin gidan burodi da warin majema tun da daɗewa, har wani magini na Tunis, Ibnur Rami, ya tara hukunce-hukuncen cutar da maƙwabci a ƙarni na 14. Biranen Hausa ma sun ware wa majema da marina wurarensu, kowace sana'a da sarkinta. Limaman Zongo da ke huɗuba a kan tauye mudu suna da hurumin su ƙara da hayaƙin da ake tura wa gidan marayu.

Haɗarin lasisi sananne ne: ya koma wata ƙofar karɓar na goro, a yi ta yanka rasit ba a taɓa leƙa filin ba. Shi ya sa ya kamata Sarkin Zongo da shugabannin 'yan gwangwan su zauna da magajin gari tun wajen rubuta ƙa'idar, kuma ma'aikatan lafiya su auna jinin yaran da ke kewaye da filayen, a karanta sakamakon a bainar jama'a. Sannan a duba farashi. Muddin babban mai saye ya fi son batirin da aka tsiyaye, don kada ya biya kuɗin ruwa a kan sikeli, yaro zai ci gaba da tuttular da shi a kwata kafin ya iso. Ƙa'idar ta tilasta wa manyan dillalai da masana'antu su karɓi batir a rufe da ruwansa, su biya shi a hakan, wanda aka fasa kuma su mayar da shi.