Wa, Yamato da Nihon: Kowane Suna da Zamaninsa

Kuskure ne a kira mazauna tsibiran Japan na ƙarni na uku "Japanawa", a kuma kira masu mulkinsu "Tenno", kamar dai sunayen suna nan tun fil'azal. A wancan zamani ko ɗaya daga cikinsu bai wanzu ba.

Sunan da ya fara shiga rubutu shi ne Wa, kuma Sinawa ne suka rubuta shi. A shekara ta 57 Miladiyya sarki Guwangwu na daular Han ya bai wa sarkin Na, ɗaya daga cikin masarautun Wa, hatimin zinariya, wanda aka tono a tsibirin Shika a 1784. Harafin da Sinawa suka zaɓa wa sunan yana ɗauke da ma'anar gajarta da rusunawa, wato irin kallon da babba ke yi wa na ƙasa da shi. Manazarta Hausa ba baƙin wannan lamari ba ne, domin kalmar Haɓe ma daga bakin wasu ta fito. A ƙarni na takwas masu ƙasar suka musanya harafin da wani mai nufin jituwa, suka haɗa shi da harafin "babba", suna karanta su biyun Yamato.

Batun sarauniya Himiko ya fi ban mamaki. Tarihin daular Wei ya ce tana mulki daga Yamatai, kuma wajen 239 ta aika jakadu ƙasar Sin, aka naɗa ta sarauniyar Wa aminiyar Wei, aka ba ta maduban tagulla 100. Amma Kojiki na 712 da Nihon Shoki na 720, tsofaffin kundayen fadar Yamato, ba su ambaci sunanta ba. Wanda ya jera ta cikin Tenno ya ba ta matsayin da fadar kanta ba ta ba ta ba.

Laƙabin sarakunan ƙarni na biyar kuwa Okimi ne, ma'ana babban sarki. Takobin Inariyama, wanda akasarin masana suka danganta da 471, yana ɗauke da sunan babban sarki Wakatakeru. Yuryaku, sunan da littattafai suka fi saninsa da shi, sai a ƙarni na takwas aka laƙaba masa. Tenno ya kafu ne a ƙarshen ƙarni na bakwai, kusan lokaci guda da Nihon, "mafitar rana", sunan da jakadun 702 suka kai wa fadar Tang.

Ana iya cewa suna guda ya fi sauƙi ga mai karatu, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai sauƙin yana da tsada: wanda aka ce wa Tenno ne ya karɓi hatimin Han zai zaci ƙasa ce dunƙulalliya, alhali majiyoyin Sin sun yi maganar ƙananan masarautu fiye da 100.